Jemagu a Silin: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Gida

Gidan da ake magana a kansa mai ɗakuna huɗu ne da falo, rufin kwano, da silin na allo. Mutum bakwai ke cikinsa: maigida da uwargida, yara huɗu, sai mahaifiyar maigidan, dattijuwa mai ciwon suga wadda ba ta rabuwa da tari. A tsakar gida akwai bishiyar mangwaro guda, da tankin da ake tara ruwan sama daga indararo, da kuma kyanwa. Kowannensu sai da ya shigo cikin zancen daga baya, shi ya sa na lissafa su tun yanzu.

Ɓera uwargida ta fara kuka da shi. Kullum da safe sai ta share wasu baƙaƙen ƙwayoyi a kan dakalin tagar ɗakin yara, washegari su dawo wuri guda. An ɗana tarko, an sa guba, ko ɓera ɗaya ba a kama ba. Can sai tabo ya fito a kusurwar silin, ruwan ƙasa, yana ta faɗi. Da rana tsaka idan kwano ya ɗau zafi, zarni ya cika ɗakin. Gab da magariba kuma a riƙa jin tsuwa da motsi a sama.

An kira kafinta ne da zaton rufi na yoyo. Kafin ma ya hau tsani ya sa hannu a leda, ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga kan dakalin ya murza. Ta zama gari nan take, da ɗan ƙyalli-ƙyalli a ciki. Ya ce, "Yallaɓai, rufinka lafiya lau. Wannan kuma ba kashin ɓera ba ne, na ɓera tauri gare shi, ba ya murjewa haka. Ƙyallin nan ɓawon ƙwari ne. Jemagu gare ka a sama."

Da yamma suka tsaya a waje, shi a kusurwa ɗaya, babban yaron gidan a ɗaya, suna kallon gefen rufi. Ba a jima da faɗuwar rana ba jemagu suka soma sulalowa daga wata tsaga tsakanin bango da katakon gefen rufi, ɗaya, biyu, sai a jere. Tsagar da ƙyar ɗan yatsa zai shige ta, bakinta ya yi baƙi da maiƙon jikinsu. Yaron ya ƙirga ya wuce ɗari, lissafi ya ɓace masa. Abin da kafinta ya fi mai da hankali a kai shi ne bayan fitar ta tsaya: ya kara kunne a bango, ya ji har yanzu ana tsuwa a ciki, sirara. Ya ce akwai 'ya'ya, a dakata kada a taɓa komai tukuna.

Abin da ke cikin rufin

Jemagu sun haura iri 1,400 a duniya, wato kusan ɗaya cikin biyar na dukkan dabbobi masu shayarwa, kuma mafi yawansu ƙwari suke ci. Masu shan jini iri uku ne kacal, dukansu a yankin Latin Amurka. Na wannan gida ƙanana ne masu cin ƙwari, kuma taron uwaye ne. Haka suke yi in lokacin haihuwa ya zo: mata su taru wuri mai ɗumi, mai duhu, inda maciji da mujiya ba sa kai wa, don ɗumin ne ke sa 'ya'yan saurin girma. Sararin da ke tsakanin kwano da silin ya cika duk sharuɗɗan nan.

Yawancinsu ɗa ɗaya suke haifa a shekara. Ɗan ba ya iya tashi sai ya yi mako uku zuwa biyar, nono kawai yake sha, uwar ta bar shi a maƙale ta fita kiwo, ta dawo ta shayar da shi cikin dare. A ƙasashe masu sanyi na arewacin duniya wannan lokaci yakan faɗo tsakanin Mayu da Agusta, a wurare masu zafi kuwa galibi yana zuwa da damina, sa'ad da ƙwari suka yawaita. Ga su da tsawon rai: an taɓa sake kama wani ƙaramin jemage a Saiberiya shekara 41 bayan an sa masa zoben shaida, alhali nauyinsa bai kai giram goma ba. Dabbar da ke daɗewa haka tana riƙe wurin kwananta, ta koma masa shekara bayan shekara. Ba ta gwaguyar katako ko wayar lantarki, ba ta yin sheƙa, ba ta haƙa rami. Ƙofar da ta tarar a buɗe ita take shiga. Ɓarnarta a gini kashi ne da fitsari, sai wari.

Yadda aka fara magance shi

Maigida bai ga dalilin jiran makonni da zarni a ɗakin 'ya'yansa ba, kuma ni ban ga laifinsa a nan ba. Ya watsa ƙwayoyin kafur a cikin silin. Warin ya sauko ɗaki ya tayar wa dattijuwa da tari, jemagu kuwa suka matsa ɗaya ɓangaren rufin suka ci gaba da harkarsu. Ya sayo wata na'ura da ake jonawa a lantarki, wai tana fitar da sautin da ke korarsu. Masu sayar da ita sun dogara ne da wata gaskiya: tun ƙarshen shekarun 1930 Donald Griffin da Robert Galambos suka nuna a Jami'ar Harvard cewa jemagu na gane hanya cikin duhu ta hanyar fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji, su saurari amsa-kuwwarsa. Amma jin sauti daban, barin gida da jarirai saboda shi daban. Ko gezau ba su yi ba.

Sai ya yanke shawarar gamawa da su gaba ɗaya. Da rana tsaka, lokacin da dukansu ke ciki, ya buɗe ƙofar silin ya fesa maganin ƙwari gwangwani biyu, ya rufe, ya sa aka liƙe tsagar waje da siminti.

Daren ranar ba a yi barci a gidan ba. Jemagen da aka toshe wa hanya wata yake nema, kuma duk inda haske ko iska ke shigowa nan yake dosa. Daga cikin silin, hasken da ake gani na ɗakuna ne: gefen ƙwan fitila, ramin ƙugiyar fanka, bakin ƙofar silin da ba ta zauna daidai ba. Ta nan suka riƙa zubowa. Waɗanda maganin ya buga suna faɗuwa ƙasa suna rarrafe, kyanwa na ɗauka tana kaiwa ƙarƙashin kujera. Dabbobin da suka yi shekaru a saman mutanen nan ba tare da an taɓa haɗa jiki ba, dare ɗaya suka zama abin da ake takawa a falo. Kwana kaɗan bayan haka warin mushe ya danne zarnin, ƙudaje suka cika gida. Daga baya wasu ƙwari 'yan uwan kuɗin cizo, waɗanda da jinin jemagu suke rayuwa a sama, suka gangaro ɗakunan kwana neman abinci. Garin neman gira an rasa ido.

Yarinya da jemage a gidan sauro

Washegari da asuba aka tarar da jemage a cikin gidan sauron autar gidan, 'yar shekara huɗu, yana maƙale kusa da matashinta. Yayanta ya buge shi da takalmi, ya fasa masa kai, ya jefar a shara. An duba jikinta ba a ga komai ba, maigida ya ce Allah ya tsare, a bar zancen. Uwargida ce ta ƙi. Ta ce, "Malam, ni dai hankalina bai kwanta ba. Yarinyar nan barci take, ba za ta iya ce mana ya taɓa ta ko bai taɓa ta ba. Mu kai ta a gani."

Ita ce da gaskiya, kuma a duk lamarin nan babu shawarar da ta kai wannan nauyi. Haƙoran ƙaramin jemage sirara ne, cizonsa kamar sukar allura, yana iya ɓacewa kafin gari ya waye. Ciwon haukan kare da danginsa suna cikin yawun wasu jemagu, kuma da zarar alamominsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa haɗa jiki da jemage a mataki na uku, mafi tsanani, daidai da cizon da ya fasa fata. A 2021 wani dattijo mai shekara tamanin da ɗoriya a jihar Ilinoi ta Amurka ya farka ya iske jemage a wuyansa. Gwaji ya nuna jemagen na da cutar, aka ba shi shawarar allura ya ƙi, bayan wata guda ciwo ya tashi, ya rasu. Da aka duba gidansa, an tarar da taron jemagu a ciki.

Sai dai a ajiye abin a ma'auninsa. Cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara a duniya, kuma har kashi 99 cikin ɗari daga kare ake ɗaukarta. A cikin jemagun da ke shawagi lafiya, masu ita ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ko cikin waɗanda ake kaiwa gwaji a Amurka, da yawancinsu marasa lafiya ne ko waɗanda aka tsinta a ƙasa, wajen shida cikin ɗari ake samu. Wanda ke wucewa a sama da magariba ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne wanda aka gani a ƙasa, ko da rana, ko a ɗakin mai barci ko na ƙaramin yaro, kuma feshin maigida irin waɗannan ya samar da yawa.

Likita ya tambayi inda jemagen yake. Da an kama shi ba tare da an fasa masa kai ba, da an gwada ƙwaƙwalwarsa, wataƙila a hutar da yarinya. Tunda an fasa an yar, aka yi mata cikakken rigakafi: allurar garkuwa ta nan take, da jerin allurai huɗu cikin 'yan makonni. Yayan ma an yi masa, don da hannu ya ɗauki mushen, ga shi da yanka a yatsa. Likitan ya ƙara musu da cewa duk wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, ya fara wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 kafin ya kamo hanyar asibiti. Kyanwa kuma aka kai ta wurin likitan dabbobi.

Ko da babu yaro a tsakani, kisa ba ya biya. A mahaƙar Kitaka da ke Yuganda, bayan cutar Marburg, wani mugun zazzaɓi da jemagu ke ɗauke da ƙwayarsa, ta kama ma'aikata a 2007, an toshe ramukan an hallaka jemagu dubbai a 2008. Wasu suka zo suka sake cika wurin, kuma da masu bincike suka gwada su, masu ɗauke da ƙwayar cutar sun tashi daga wajen kashi 5 zuwa kashi 13 cikin ɗari. A 2012 cutar ta ɓarke a garin Ibanda da ke kusa. An gudu ba a tsira ba. A wasu ƙasashen ma abin da maigida ya yi laifi ne: a Birtaniya, dokar 1981 ta hana kashe jemage ko toshe masa makwanci, ko da a rufin gidanka ne.

Gyara na biyu

Da kafinta ya dawo, abu na farko da ya yi shi ne fasa simintin. Maigida ya ce, "Kai malam, buɗe musu za ka yi kuma?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba su da ƙofar waje, ta ɗakinka za su bi." Daren nan ragowar suka fita ta hanyarsu, babu wanda ya sake faɗowa falo.

Sannan ya bi tsarin da ya kamata tun farko, wato daga ciki zuwa waje. Ya liƙe duk wata kafa tsakanin silin da ɗakuna: gefen fitilu, ramin fanka, inda bututu ya ratsa, ya sa wa ƙofar silin roba a baki. Aikin yini ɗaya ne, kuma shi ya raba mutane da jemagu. Daga ranar haɗarin ya ƙare, saura wari da haƙuri. Ya zagaya waje ya toshe ƙananan tsagogin da ba a ga suna bi ba, duk wadda ta kai santimita ɗaya, ya bar babbar a buɗe. Aka jira har tsuwar bayan magariba ta daina, aka kuma soma ganin ƙanana masu tangal-tangal a cikin masu fita.

Sai aka sa ƙofar fita ba dawowa. Guntun bututun roba ne mai santsi, faɗinsa santimita 5, tsawonsa wajen 25, aka cusa bakinsa a tsagar yana kallon ƙasa, aka liƙe gefe da gefe. Jemage ya sulale ta ciki ya faɗa iska ya tashi. In ya dawo, ba shi da abin kamawa da farce, ba ya kuma iya shiga bututu a tashe. Daren farko an ga suna ta kewaya bakin rufin suna dafa bango. An bar shi mako guda cur, don ba duka ke fita kowane dare ba, musamman in an yi ruwa ko iska. Da aka yi magariba biyu ba a ga ko ɗaya ba, aka leƙa da tocila, aka cire bututu aka rufe.

Kwashe kashin ya fi komai buƙatar kula. Akwai wata fumfuna da ke tsira inda kashin jemage ko na tsuntsu ya daɗe, wadda likita Samuel Darling ya fara bayyana cutarta a Panama a 1906. Shaƙar ƙurarta ake yi ta sauka a huhu, alamomi su fito tsakanin kwana 3 zuwa 17: zazzaɓi, tari, ciwon ƙirji. Yawancin masu lafiya ba sa ma sanin sun kamu, amma ga tsoho, jariri ko mai raunin garkuwar jiki tana iya yin tsanani, har a ɗauke ta tarin fuka. Saboda haka aka kai dattijuwa da yara gidan dangi. Masu aikin suka sa takunkumin N95 da safar hannu, suka yayyafa ruwa har kashin ya jiƙe kafin su kwashe da shebur cikin buhunan leda. Ba tsintsiya, ba busasshiyar shara. Allunan silin biyu da fitsari ya cinye aka sauya su.

Gardamar bishiya

Ana cikin haka mangwaro ya nuna, wasu jemagu manya masu fuskar kare suka soma zuwa da dare, da hayaniya, suna barin 'ya'yan itace rabi a ci a ƙasa. Maigida, da abin ya riga ya ishe shi, ya ce a sare bishiyar. Uwargida ta ce inuwar gidan ke nan, ba za a sare ba.

Waɗannan ba su da alaƙa da na silin. Masu cin 'ya'yan itace ne, da ido da hanci suke neman abinci, ba sa shiga rufi, kuma in kakar ta wuce sun wuce. Su ne masu baza irin itatuwa zuwa nesa da barbarar furanni. Amma tsoron maigida ba na banza ba ne. Cutar Nipah da ta ɓarke a Maleshiya a 1998 zuwa 1999 ta bi wannan hanya: jemagu suna ci a bishiyoyin da aka dasa jikin garken aladu, ragowar na faɗawa ciki, aladu su ci, mutane su ɗauka daga aladu. Mutum fiye da ɗari suka mutu, aka kashe aladu sama da miliyan ɗaya. Gyaran da aka yi can shi ne raba bishiya da garke, kuma shi aka kwaikwaya a nan. Bishiya ta tsaya. Duk abin da ya faɗo da alamar haƙori a kwashe da shebur da safe a binne, yaro ba ya ci, dabba ba ta ci. Wanda aka tsinka a wanke a fere. An datse reshen da ya rufa kan indararo, an yi wa tanki murfi da raga, ruwan farko na kowane sama a bar shi ya zube. Kyanwa kuma a ciki take kwana.

Wani abokin maigida ya so ya lallashe shi da cewa jemage ɗaya na cin sauro dubu a awa guda. Wannan magana an faɗe ta har ta zama kamar karatu, amma asalinta gwaji ne da aka yi a rufaffen ɗaki da aka cika da sauro, aka ƙirga na 'yan mintoci aka ninka. A fili, jemage ya fi son abin da zai cika masa ciki, irin su asu da buzuzu da gara mai fiffike. Sauro ɗan ƙari ne, kuma kada kowa ya ajiye gidan sauro don akwai jemagu a unguwa. Amfaninsu na gaskiya a gona yake. Uwa mai shayarwa na iya cin ƙwari kusan nauyin jikinta a dare ɗaya. A Amurka, inda wata cutar fumfuna ta kashe miliyoyinsu tun daga 2006, binciken Eyal Frank da mujallar Science ta buga a 2024 ya gano cewa a gundumomin da cutar ta shiga, manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kusan kashi 31 cikin ɗari, mutuwar jariran mutane kuma ta ƙaru da kusan kashi 8.

Inda aka tsaya

Yarinya da yayanta sun gama alluransu lafiya. Wari ya ɗauki watanni kafin ya bar ɗakin, ƙwarin da suka gangaro kuma sai da aka yi musu feshi na musamman bayan jemagu sun tafi. Babban yaron ya haɗa akwatin jemagu da katako marar fenti, mai siririyar ƙofa ta ƙasa, aka kafa shi a kan sanda mai tsawon mita huɗu a ƙarshen fili, nesa da tagogi da tanki. Har yanzu babu wanda ya shiga. Ba abin mamaki ba ne, irin wannan akwati kan yi shekara ɗaya ko biyu fayau, wani ma har abada, kuma in rana ta cika dukansa zafi na iya kashe na ciki, don haka wurin kafa shi sai an lura. Kafinta zai riƙa zagaya rufin sau ɗaya a shekara kafin lokacin haihuwa, saboda katako na motsi, siminti na tsagewa, su kuma ba su manta wurin ba.

Jemagun ba su yi nisa ba. Da lokacin ya zagayo, maƙwabcin da ke jikin katanga ya soma share baƙaƙen ƙwayoyi a barandarsa, har ya sayo buhun siminti. Maigida ne ya tare shi a ƙofa ya haɗa shi da kafinta. An liƙe masa silin ta ciki a makon, an kuma sa ranar ɗaura bututu bayan 'ya'yan sun fara tashi.